Na'ura za ta iya tattara koken ɗalibai, amma wa zai amsa shi?

Duk uban da ya taɓa tura ɗa ko 'ya jami'a ya san wannan hirar. Yaro ya zo hutu, an ci abincin dare, ana zaune a tsakar gida, sai a tambaye shi: yaya karatu? Ya ce lafiya lau. Sai an matsa masa kafin ya fara kwance ƙunshi: ɗakin lacca ya cika har wasu suna tsaye a bakin taga, wani malami ya haɗa darasin wata uku ya ɗura musu cikin kwana huɗu, sakamako ya fito babu makinsa a darasi guda. Uba ya ce, to ka faɗa wa wa? Yaro ya yi murmushi, ya ce, Baba ke nan. Daga nan sai a rufe zancen da "ka yi haƙuri", domin gidan ba su san wata ƙofa da za a ƙwanƙwasa ba. Ana irin wannan hira a Zangon Parakou, ana yin ta a Djougou, kamar yadda ake yin ta a Maraɗi da Zariya.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen yau shi ne, a jami'o'i da dama na duniya an fara miƙa wa ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke kira IA, aikin karanta ra'ayoyin ɗalibai. Ƙasarmu kuma ta riga ta nuna inda ta dosa. A watan Janairun 2023 majalisar ministoci ta amince da tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira da manyan bayanai, na shekarun 2023 zuwa 2027, kuma ilimi yana cikin fannonin da aka sa a gaba. Wanda ya ci jarrabawar BAC a yau, ta intanet yake zaɓar fannin da zai karanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara mu yi magana yanzu kan yadda muke so a saurari 'ya'yanmu, kafin a sayo manhaja a kafa, a ce mana an gama.

Matsayin wannan jarida a fili yake. Muna goyon bayan Jami'ar Parakou da sauran jami'o'in gwamnati su yi amfani da wannan fasaha wajen jin ta bakin ɗalibai. Amma goyon bayan namu yana da sharuɗɗa, kuma idan babu su, gara a bar abin.

Mu fara da amfaninsa, domin amfanin na gaske ne. An kafa Jami'ar Parakou a 2001, ita ce jami'ar gwamnati ta biyu bayan ta Abomey-Calavi wadda ta samo asali tun 1970. Kafin nan, ɗan Borgou ko Donga ko Alibori da ke son karatun jami'a sai ya gangara kudu, tafiyar sama da kilomita 400 daga Parakou. Yau ana karatun likitanci, aikin gona, shari'a, tattalin arziki, adabi da ƙididdiga a nan arewa. Ɗalibai dubbai ne. A ce kowane ɗaya ya rubuta layi biyar a kan kowane darasi a ƙarshen zangon karatu, wane ofishi ne ke da ma'aikatan da za su zauna su karanta duka? Shi ya sa a wurare da yawa akwatin ƙorafi yake zama ado a jikin bango, takardun tambayoyi kuma su ƙare a cikin kwali, ƙura ta rufe su.

A nan ne na'ura take da rana. Tana iya karanta dubban saƙonni cikin ɗan lokaci, ta ware su gida-gida: waɗannan a kan jinkirin sakamako suke, waɗannan a kan motocin ɗaukar ɗalibai, waɗannan a kan ɗakin cin abinci, waɗannan a kan wani darasi da kowa ke cewa ba ya fahimta. Tana iya juya saƙon murya ya zama rubutu. Tana iya nuna cewa koken da mutum uku suka yi a watan jiya ya zama na mutum ɗari uku a wannan watan. Idan an yi haka a tsakiyar zango, malami zai iya gyara tafiyarsa tun ɗalibai suna gabansa. Idan abin na kwanan ɗalibai ne ko abinci ko mota, a tura wa cibiyar COUS mai kula da walwalar ɗalibai tun kafin ɓacin rai ya kai ga rufe ƙofar makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a jami'a ɗalibi yana cikin masu ɗakin.

To, sai dai sharaɗi na farko shi ne sirri. Duk wanda ya yi zaman aji ya san dalilin da ya sa ɗalibi ke yin shiru: wanda zai yi ƙorafi a kansa shi ne mai riƙe da jan biro. Za a ce ai ba a rubuta suna. Wannan bai isa ba. Idan ɗalibi ya shiga da lambar rajistarsa ko lambar wayarsa, sunan yana nan a ajiye ko da bai fito a allo ba. Idan ajin masta ne mai mutum goma sha biyu, mace ɗaya ce a ciki, ba a buƙatar boka kafin a gane wadda ta rubuta. Salon rubutu ma yana tona mutum, kuma na'urar da ta iya ware ra'ayoyi ta iya gane salo. Mu 'yan Zango mun fi kowa sanin wannan haɗari, domin a aji da yawa ɗanmu ɗaya ne ko biyu, kalma guda ta Hausa a cikin saƙo ta isa ta nuna shi.

Akwai doka a ƙasa, sai a yi aiki da ita. Dokar harkokin zamani mai lamba 2017-20 ta ranar 20 ga Afrilun 2018 ta keɓe babban sashe kan kare bayanan mutum, ta kuma ɗora wa hukumar APDP alhakin sa ido. A ƙarƙashinta, mutum yana da haƙƙin sanin abin da aka tattara a kansa da dalilin tattarawa, kuma bayanan da suka shafi addini, ƙabila, siyasa da lafiya suna da kariya ta musamman. Saboda haka muna cewa, kafin kowace jami'a ta fara irin wannan aiki, ta kai tsarinta gaban APDP, ta faɗa wa ɗalibai a rubuce wa ke ganin saƙonni, a wace ƙasa ake ajiye su, kuma bayan wata nawa ake goge su. Kada a wayi gari wani ma'aikaci ya kwafi koken ɗalibai da sunayen malamai ya zuba a manhajar hira ta kyauta irin su ChatGPT, bayanan su tafi hannun kamfanin da ba shi da ofishi ko a Kwatano. A Birtaniya, inda ake yin binciken ra'ayin ɗalibai na ƙasa duk shekara tun 2005, ba a fitar da sakamakon fanni sai aƙalla mutum 10 sun amsa, kuma sai rabin ɗaliban sun shiga. Irin wannan ƙa'ida ba ta buƙatar ko dala, niyya kawai take so.

Sharaɗi na biyu ya shafi harshe. Faransanci ne harshen karatu a Benin, ba mu musun haka. Amma a saurari hirar ɗalibai a bakin ƙofar jami'a ko a kasuwar Arzeke: Faransanci ne haɗe da Dendi, da Bariba, da Fulatanci, da Yarbanci, da Fon, da Hausa. Ɗan Djougou zai sako Yom ko Lokpa. Mutum idan ransa ya ɓaci, da harshen da ya fi zama a bakinsa yake magana. Su kuwa waɗannan na'urori daga rubutun intanet suke koyo, kuma mafi yawansa Turanci ne da sauran manyan harsunan Turai da Asiya. Abin da aka rubuta da Dendi ko Yom a intanet bai taka kara ya karya ba. Na'urar da ba ta gane saƙo ba, ko dai ta watsar da shi, ko ta yi masa fassarar da mai shi bai nufa ba.

Ko da Faransancin ne ma akwai tarko. Ɗan da aka rena a gidan da ake koyar da kunya ba zai rubuta cewa malami ba ya zuwa aji ba. Zai ce: malam yana ƙoƙari, Allah ya ƙara masa lokaci. Duk Bahaushe ya ji wannan ya san an yi habaici. Na'ura kuwa za ta ga "ƙoƙari", ta ga addu'a, ta jefa saƙon cikin kwandon masu yabo. Haka za a tara rahoto mai cewa ɗalibai sun gamsu, alhali sun yi kuka ne da ladabi.

Wannan matsala tana da magani, kuma 'yan Afirka ne suka fara neman sa. A 2022 wasu masana, ciki har da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin buroka waɗanda mutane suka zauna suka yi wa alama da hannu, wannan yabo ne, wannan suka, wannan tsaka-tsaki, domin na'ura ta koya. A 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka 14. Ɗan ƙasarmu Bonaventure Dossou da abokin aikinsa Chris Emezue sun fara aikin fassarar na'ura tsakanin Fon da Faransanci, kuma a 2024 Fon ya shiga cikin harsunan da Google Translate ke fassarawa. Abin da aka yi wa Fon ana iya yi wa harsunan arewa. Jami'ar Parakou tana da tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, tana da makarantar ƙididdiga, tana da cibiyar fasaha ta IUT, ga ɗalibai masu jin waɗannan harsuna tun daga nono. Wa ya fi ta cancantar yin wannan aiki? Kafin a kai can, ƙa'idar ta zama mai sauƙi: duk saƙon da na'ura ba ta tabbatar da ma'anarsa ba, a miƙa wa mutum mai jin harshen.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi damun mu. Aikin na'ura taƙaitawa ne, kuma taƙaitawa rinjaye take bi. Idan mutum dubu sun yi kuka a kan zafi a ɗakin lacca, mutum biyu kuma sun ce wani yana neman su da lalata kafin ya ba su maki, rahoton zai cika da zancen fanka. Alhali koken mutum biyun nan laifi ne a gaban shari'a. Dokar 2021-11 ta ranar 20 ga Disambar 2021 ta tsananta hukunci a kan cin zarafin mata, ta kuma haramta soyayya tsakanin malami da ɗalibarsa, ga Cibiyar Mata ta Ƙasa, INF, da ke karɓar ƙara. Irin wannan koke bai kamata ya bi layi ɗaya da na fanka da na mota ba. A ba shi hanyarsa daban, mutum ya karɓa, mace idan mai ƙarar ta fi son haka, a kuma faɗa mata inda maganar za ta je. Iyaye da yawa a unguwanninmu suna jan ƙafa wajen barin 'ya mace ta wuce BAC saboda wannan tsoro. Ranar da suka ga ana kai ƙara kuma ana ɗaukar mataki, 'yan mata da yawa za su samu izinin ci gaba.

Haka abin yake ga duk wanda yawansu bai kai a ji su ba. Ɗalibi mai keken guragu da aka sa wa darasi a bene, ko wanda jadawalin jarrabawa ya faɗo masa daidai lokacin sallar Juma'a, ko ɗan ƙauyen da ba shi da babbar waya, ba za su taɓa zama kashi mai tsoka a lissafi ba. Ƙaramar al'umma irin tamu ta san yadda ake ɓacewa a cikin matsakaicin lissafi. Don haka a umarci masu tsara abin su riƙa fito da koken da bai yi yawa ba amma yana da nauyi, a kuma bar ƙofar takarda da biro a buɗe, a samar da hanyar gajeren saƙo ga mai ƙaramar waya. Idan sai mai kuɗin sayen data ne zai iya magana, to ra'ayin masu hali kawai aka tattara.

Sharaɗi na huɗu na malamai ne, domin adalci ba na ɓangare ɗaya ba ne. Ɗalibi ma ɗan Adam ne, yana iya hucewa a kan malamin da ya hana satar amsa, ya yabi wanda ke rabon maki kamar goro. Wata mai bincike, Anne Boring, ta duba ra'ayoyin ɗalibai na shekaru a wata jami'a a Faransa, ta wallafa a 2017 cewa ɗalibai maza suna ba malamai maza maki fiye da malamai mata, ba tare da sakamakon jarrabawa ya nuna cewa mazan sun fi iya koyarwa ba. Na'ura ba ta wanke irin wannan son zuciya, tara shi take yi ta mayar da shi lamba, lamba kuma tana da kwarjini a idon hukuma. Ban da haka, an san waɗannan manhajoji da ƙaga magana: su sa a cikin taƙaitawa abin da babu wanda ya rubuta. Saboda haka kada a hukunta malami, ko a hana shi ƙarin girma, a kan rahoton na'ura kaɗai. A nuna masa abin da aka ce, a ji ta bakinsa, abokan aikinsa su shiga ajinsa su gani. Tsarin tantance malamai na CAMES, wanda ƙasashenmu suka kafa tun 1968, a hannun malamai 'yan'uwansu yake, kuma haka ya kamata ya ci gaba.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Agustan 2020, da annobar korona ta hana rubuta jarrabawar gama sakandare a Ingila, hukuma ta bar wa wani tsarin lissafi na kwamfuta ya daidaita makin ɗalibai. Kusan kashi 40 cikin ɗari na makin da malamai suka bayar aka rage, kuma 'ya'yan makarantun unguwannin talakawa ne suka fi ji a jikinsu. Ɗalibai suka fito titi, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye. Ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru ke nan. Yarjejeniyar UNESCO kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, wadda ƙasashe 193 suka amince da ita a Nuwamban 2021, ta tsaya a kan cewa alhakin hukunci yana wuyan mutum. Kada wani shugaba ya ce mana na'ura ce ta ce.

Sharaɗi na biyar: manhaja ba za ta maye gurbin wakilan ɗalibai ba. Mun tuna cewa a watan Oktoban 2016 gwamnati ta dakatar da ayyukan ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'in ƙasa, kuma a watan Maris na 2017 Kotun Tsarin Mulki ta ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki. Darasin da ke ciki bai tsufa ba. Akwai jarabar da ke iya kama kowace hukuma, ta ce tunda kowane ɗalibi yana iya turo saƙo ta waya, mene ne amfanin zama da shugabanninsu? Amfanin shi ne, saƙo ba ya mayar da tambaya, ba ya cewa bara ma haka kuka ce. Wakili kuwa yana yi. Dole wakilan ɗalibai su kasance cikin kwamitin da zai tsara tambayoyi, su ga rahoto a lokacin da hukuma ta gani. Kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a yi amfani da wannan hanya wajen farautar masu shirya yajin aiki ko masu sukar hukuma ba. Ranar da aka kira ɗalibi ɗaya ofis saboda abin da ya rubuta a asirce, ranar nan abin ya mutu, babu wanda zai sake faɗin gaskiya.

Sai babbar maganar, wadda ta sa muka sa wa wannan sharhi sunansa. Tattara koke shi ne ɓangare mai sauƙi. Yawancin abin da ke damun ɗalibai ba ɓoyayye ba ne, shugabannin tsangayoyi sun san shi tun kafin a ƙera na'urar. Na'ura ba ta gina ɗakin lacca, ba ta ɗaukar sabon malami, ba ta biyan kuɗin tallafin karatu a kan lokaci. Idan aka tambayi mutum sau uku bai ga canji ba, a karo na huɗu zai danna duk abin da yatsansa ya faɗa a kai don ya wuce. Abin da muke nema shi ne, a ƙarshen kowane zango kowace tsangaya ta liƙa takarda a allon sanarwa, ta kuma sa a shafinta: ga abin da kuka ce, ga wanda muka gyara, ga wanda ya fi ƙarfinmu mun tura ma'aikatar ilimi mai zurfi, ga wanda ba za mu yi ba da dalilinmu. Kowane koke ya samu ofishin da ke da alhakinsa da wa'adin amsa. Ko "a'a" ce, idan ta zo da dalili, ta fi shiru mutunci.

Mu ma muna da namu aikin. Kakanninmu fatake ne da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, suka zauna lafiya da masu gari ta hanyar kama kai da kawar da kai. Wannan tarbiyya ta yi mana rana, amma wani lokaci takan sa mu koya wa yaro cewa faɗin abin da ke damunsa rashin kunya ne. Iyaye, idan ɗanku ya kawo kuka, ku tambaye shi ko ya rubuta, ko ya je wurin wakilin ajinsu. Ɗalibai, idan an buɗe muku ƙofa ku shiga, ku faɗi abin da ya faru da rana da wuri, ban da zagi, ban da ƙage, ku kuma yabi malamin da ya cancanci yabo, domin shi ma yana buƙatar a san da shi. Ƙungiyoyin matasan Zango da tsofaffin ɗalibai su nemi zama da hukumar jami'a su ji yadda ake karɓar koke a yanzu.

Ga hukumar Jami'ar Parakou kuwa, shawararmu ita ce a fara da kaɗan. A ɗauki tsangaya ɗaya, zango ɗaya. Na'ura ta karanta, kwamitin malamai da ɗalibai su ma su karanta wani kaso da idonsu, a gwada a ga inda ta dace da inda ta kauce, musamman a saƙonnin da aka cakuɗa harsuna. A fito da sakamakon gwajin kowa ya gani kafin a sa hannu a kan kowace kwangila. Idan ta yi kyau a faɗaɗa, idan ba ta yi ba an yi asarar zango ɗaya kawai. Mu kuma a wannan shafi za mu ci gaba da bibiyar maganar, kuma duk lokacin da aka ce an saurari ɗalibai, za mu tambaya: me aka gyara?